Sakan 32: Me ya sa na'urorin kira ba sa jin yaren juna?

Wani daren Talata cikin daminar bara muka kai mahaifiyata wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke yankinmu na Hanwa. Hawan jininta ya tashi, tana ta riƙe kai, ƙarfe ɗaya kuma ta gota. Likitan da ke da alhakin daren yana gidansa can ta hanyar Samaru. Asibitin ya ajiye masa wayar tebur a gida, wadda ke haɗe da ta asibiti ta intanet, domin a daina ƙona katin waya kullum dare. Ma'aikaciyar jinya ta auna Inna, ta ɗauki kan waya, ta danna lambobi uku. Yana ɗauka sai ta kama zuba bayani babu numfashi, kamar mai karanta cigiya a rediyo: shekarun marar lafiya, abin da awo ya nuna, maganin da take sha a gida. Ko gaishe shi ba ta yi ba. Kafin ta kai aya layin ya mutu. Ta sake dannawa, ta ɗora daga inda ta tsaya, ya sake mutuwa. Sai a kira na uku ta samu ta rubuta abin da ya ce a ba Inna.

Na ce, "Sista, sabis ne babu?"

Ta ce, "A'a Malam, halinta ke nan. Rabin minti take ba mu ta yanke, ko da rana ne. Mun saba."

Inna ta samu sauƙi, bayan kwana biyu aka sallame mu, kuma ba ni da abin da zan ce da ma'aikatan nan sai godiya. Amma kalmar nan "mun saba" ta tsaya mini a rai. Abin da ake faɗa ta wannan waya sunan magani ne da adadinsa. Idan layi ya yanke tsakanin "ɗari" da "da hamsin", mai rubutawa ba ta da hanyar sanin cewa akwai sauran magana. Ni kuwa haɗa kwamfutoci da koyar da shi ne abincina shekara da shekaru, na kuma san cewa matsalar da ke zuwa daidai kan lokaci guda kullum, hadari ko raunin sabis ba sa kawo irinta. Bayan mako guda na koma wurin likitan da ya mallaki asibitin na roƙe shi ya bar ni in duba. Na riƙe agogo muka gwada sau biyar. Duk sau biyar ɗin kiran ya mutu a sakan 32, ba ƙari ba ragi.

Kafin in faɗi abin da na gano, ya kamata mai karatu ya san cewa kowane kiran waya kashi biyu ne. Akwai hirar kanta, wato muryar da ke kai-komo. Akwai kuma abin da ke gabanta da bayanta wanda kunne ba ya ji: neman wanda ake kira, sanar da shi, karɓarsa, daidaitawa kan yadda za a tura murya, da rufe kira in an gama. Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin a ƙago waya. Baƙo ba ya faɗawa gidan mutum kai tsaye. Yakan tsaya a ƙofar zaure ya sami yaro ya ce masa, je ka ce ana sallama da maigida. Yaro ya dawo ya ce wai yana zuwa, ko wai ba ya nan, ko wai yana wanka a ɗan jira. In maigida ya fito aka gaisa aka shimfiɗa tabarma, sannan a shiga maganar da ta kawo baƙo, daga ƙarshe a yi ban kwana. Aikin wannan yaron aike shi injiniyoyi ke nufi in suna zancen isharar kira. Ni a nan zan kira shi sallama kawai.

Tsohon tsarin waya, tun zamanin NITEL har zuwa farkon GSM, yana da tasa sallamar da ake kira SS7. Da murya ta fara bin intanet a tsakiyar shekarun 1990 sai aka buƙaci sabuwa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da tata mai suna H.323 a 1996. Ƙungiyar injiniyoyin intanet, IETF, ita ma ta fitar da tata mai suna SIP a watan Maris na 1999, aikin Henning Schulzrinne na Jami'ar Columbia da ke Amurka da Mark Handley da Eve Schooler da Jonathan Rosenberg. Aka sake rubuta ta a watan Yunin 2002 cikin kundi mai lamba 3261, mai shafi 269. SIP ce ta yi rinjaye. A yau wayoyin ofisoshi da cibiyoyin amsa kira da ma kiran murya da ke bin 4G, akasari da ita suke sallama.

Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Mai kira zai tura gayyata. Wanda aka kira zai amsa da lamba: 180 na nufin waya tana ƙara, 486 yana kan wani kiran, 404 babu mai wannan suna a nan, 200 kuwa na nufin na ɗauka. Daga nan saura mataki ɗaya. Dole mai kira ya mayar da ɗan gajeren saƙo mai ma'anar "na ji ka ɗauka". Idan wannan tabbaci bai iso ba, wayar da aka kira za ta yi ta maimaita 200 ɗinta, kuma ƙa'ida ta ce ta yi haƙurin rabin sakan sau 64, in shiru ta rufe kiran. Rabin sakan sau 64 shi ne sakan 32. Da na ga agogo ya tsaya kan wannan adadi har sau biyar, na san tabbacin ne ke ɓacewa a hanya. Abin da ya rage shi ne sanin inda yake faɗawa.

Na jona kwamfutata da layin asibitin, na buɗe manhajar Wireshark, wadda kyauta ake samunta kuma take nuna duk saƙon da ya gifta. Ga yadda abin yake. Akwatin rarraba kira na asibitin ƙirar wani kamfani ne, an saye shi shekara huɗu da suka wuce tare da wayoyinsa. Wayar farko da aka kai gidan likitan dare tsawa ta ƙone ta, aka sayo wata mai rahusa ta wani kamfanin daban, an rubuta SIP ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. A cikin saƙon 200, waya takan rubuta adireshin da za a riƙa samunta. Sabuwar wayar sai ta rubuta adireshinta na cikin gida, irin wanda ke farawa da 192.168.

Wannan yana buƙatar ɗan bayani. Adireshin intanet na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kacal, ba su ishi duniya ba, babban rumbunsu ma ya ƙare tun Fabrairun 2011. Dabarar da aka yi ita ce a ba gida ko ofis adireshi ɗaya na waje, na'urorin ciki kuma su raba lambobin cikin gida, waɗanda ake maimaita irinsu a miliyoyin gidaje. Saboda haka abin da wayar nan ta yi tamkar mutum ne ya aiko wasiƙa, a wurin adireshin amsa ya rubuta "ɗaki na biyu a hannun dama", babu sunan unguwa babu na gari. Akwatin asibiti ya bi umarni sau da ƙafa, ya tura tabbacinsa zuwa ɗaki na biyu a hannun dama, saƙo ya ɓace. Tsohuwar wayar ta iya gano adireshinta na waje ta rubuta shi. Sabuwar kuwa tana sa ran akwatin zai yi watsi da abin da ta rubuta ya dubi inda saƙon ya fito. Muryar tana bin wata hanya daban, shi ya sa ake jin juna sarai har lokacin haƙuri ya cika.

Ashe tun kafin zuwana likita ya kira dillalan biyu. Na farko ya ce, "Ranka ya daɗe, akwatinmu lafiyarsa ƙalau, ka ga ai duk wayoyinmu suna aiki, ka sayi tamu." Na biyu ya ce wayarsa tana aiki a ko'ina ya sayar da ita, akwatin ne ya tsufa, har ya kawo farashin sabo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Kowace na'ura tana bin SIP gwargwadon yadda maƙerinta ya karanta ta. In an gwada kowace ita kaɗai za ta ci jarrabawa, matsalar ba ta bayyana sai an haɗa su, kuma wannan haɗin babu wanda ya sayar wa likita shi, balle ya ɗauki alhakinsa.

Ta yaya ƙa'ida ɗaya za ta haifi yare biyu? Dalili na farko yana cikin salon rubuta ta. Kundayen IETF suna raba umarni hawa uku, bisa tsarin da Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya rubuta a 1997: abin da yake dole, abin da ya kyautu a yi, da abin da aka bar wa mai ƙira in ya ga dama. Duk inda aka ce "ya kyautu" ko "in an ga dama", an buɗe ƙofar da kamfani ɗaya zai bi dama ɗaya ya bi hagu. Dalili na biyu shi ne, kundin 2002 bai warware matsalar adireshin cikin gida ba. Maganinta ya riƙa zuwa guntu-guntu a wasu kundaye daban, biyu a 2003, wani a 2009, wani a 2010, kowane kamfani ya ɗauki wanda ya ga dama a lokacin da ya ga dama. Na uku kuwa wata tsohuwar shawara ce ta Jon Postel, ɗaya daga cikin magabatan intanet, wadda ma'anarta ita ce ka tsananta wa kanka a abin da kake turawa, ka sassauta a abin da kake karɓa. Shawara ce mai kyau, ta kuma taimaki intanet ya girma. Sai dai tana da illa, domin na'urar da ke tura saƙo mai aibi takan yi shekaru ana yi mata kawaici, maƙerinta bai san da aibin ba, har ranar da ta gamu da wadda ba ta kawaici. Ranar nan takan faɗo ne a ofishin mai saye.

Yankewa a sakan 32 alama ɗaya ce cikin masu yawa, kuma na tabbata mai karatu ya gamu da wasu. Ka kira cibiyar amsa kira, murya ta ce ka danna 1, ka danna har yatsa ya gaji ba ta ji ba. Hanya uku ake bi wajen isar da wannan dannawar, ko a cikin sautin kansa, ko a wani ƙunshi na musamman da ke tafiya tare da murya, ko a saƙon sallama, kuma in ɓangarorin biyu ba su dace kan hanya ɗaya ba, dannawarka ta tafi a iska. Akwai kiran da kai kana ji ba a jin ka. Akwai wanda ke tsayawa saboda wannan na'ura ta san lamba da 0803, waccan kuma sai ta ga +234 a gaba. Hatta hanyar mayar da murya lissafi da aka fi sani, G.711, iri biyu ce, ta Amurka da Japan daban, ta Turai da mu daban.

Waɗanda suka rubuta SIP sun san haka za ta faru. Wata guda bayan fitowar kundin farko, a watan Afrilun 1999, suka tara masu ƙira a Jami'ar Columbia, kowa ya zo da na'urarsa aka jojjona su aka ga inda ake saɓawa. Da farko sun sa wa taron sunan gasar gashin burodi, har sai da kamfanin fulawa na Pillsbury, mai riƙe da wannan suna, ya ja musu kunne, suka koma kiransa SIPit. Taro ne na injiniyoyi, ba a yin talla, ba a kuma tona asirin wanda na'urarsa ta gaza, domin kowa ya saki jiki ya nuna rauninsa. A 2006 har kundi guda aka fitar, mai lamba 4475, cike da saƙonni masu murɗaɗɗen tsari da aka shirya musamman don a wahalar da na'ura a ga ko za ta rikice. Mutanen da suka haifi ƙa'idar ke nan ba su yarda da rubutun jikin kwali ba sai sun gwada. Mu kuma a nan, rubutun jikin kwalin muke biya wa kuɗi.

Ba kowane saɓani ne kuskure ba. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane cewa wanda ya sayi akwatinka, in wayarka kaɗai ke jin yarensa sosai, ya zama naka. Cisco yana da tasa sallamar da ake kira Skinny, Nortel na Kanada yana da UNIStim, kuma da Nortel ya durƙushe a 2009 masu kayansa sun koma jiran abin da magadansa za su yanke. Ko waɗanda suka rungumi SIP sukan ƙara mata 'yan kunnuwa nasu, ta yadda kira zai shiga da kowace waya, amma tura kira ga wani ko fitilar da ke nuna layi a cike sai da tasu. Daga wannan ɓaraka wata sana'a ta tsiro, ta sayar da na'urar da ake girkewa a bakin iyakar cibiyoyi biyu tana gyara saƙon wannan don wancan ya gane. Tafinta ke nan, kuma mai saye ke biyan ladansa.

Mu mutanen Zariya bai kamata wannan ya zama mana baƙon labari ba, domin an taɓa yin irinsa a tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari. Babban layin dogo da ya ratsa Zariya zuwa Kano faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne. Ƙaramin layin da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗauko kuza, wanda aka kammala a 1914, faɗinsa ƙafa biyu da inci shida. Dukansu dogo ne, dukansu aikin gwamnati ɗaya, amma taragon wannan ba ya hawa wancan, sai an sauke kaya a Zariya an sake lodi. Da aka kai babban layi Jos ta Kafancan a 1927 sai ƙaramin ya fara rasa amfaninsa, aka rufe shi a 1957. Yau ma jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 yana tafiya kan layi mai faɗin milimita 1435, tsohon da ke ratsa garinmu kuwa 1067 ne. Bambancin kawai shi ne, faɗin dogo ana auna shi da awo kowa ya gani, na sallamar waya kuwa a ɓoye yake sai an sa manhaja.

Kada a ɗauka kuma cewa matsalar ta ƙananan asibitoci ce kawai. Wanda ya mallaki hankalinsa a 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki bayan kowanne ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, zai tuna yadda kiran wani layi daga wani ke zama jan aiki, har mutane suka koma yawo da waya biyu ko uku, daga baya waya mai sim biyu ta mamaye kasuwa. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni haɗa layukansu, kuma da sannu abin ya gyaru. Amma haɗin yana tsaye ne kan yarjejeniya da biyan kuɗi. A ranar 8 ga Janairun 2024 hukumar NCC ta sanar cewa ta amince a hana masu layin Glo kiran masu MTN daga ranar 18 ga watan, saboda bashin haɗin layi. An ɗage matakin da kwana 21, daga baya aka sasanta. A wannan karon na'urorin suna jin juna sarai, masu su ne suka saɓa, amma da an zartar, abin da mai kira zai gani ɗaya ne da na wayar asibitinmu.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muka dosa. Lambar waya, duk da tsufanta, tana da wata daraja da ba mu cika lura da ita ba: da lambar Airtel za ka kira mai MTN, ka kira ɗan'uwanka a Maraɗi ko Jidda, ba ruwanka da kamfanin da yake ciki. Tun Afrilun 2013 ma kana iya ƙaura da lambarka zuwa wani kamfanin. Yanzu kuwa hirarmu ta koma cikin manhajoji, kuma mai WhatsApp ba ya kiran mai Telegram, mai Zoom ba ya kiran mai Signal. A nan ba a ma kai ga saɓanin fahimtar ƙa'ida ba, kowa ya kewaye gidansa ne da katanga da gangan. Google ya taɓa barin manhajarsa ta Google Talk a buɗe tana magana da na wasu, ya rufe ƙofar a 2013. Tarayyar Turai ce ta sa doka, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, cewa dole WhatsApp da Messenger su buɗe wa wasu manhajoji hanya, a fara da saƙo tsakanin mutum biyu, kiran murya da bidiyo ya biyo baya cikin shekara huɗu. Wannan haƙƙi na mazauna Turai ne. Mazaunin Hanwa ba ya ciki.

Masu katanga suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kiran WhatsApp ba ya mutuwa a sakan 32, domin kamfani ɗaya ne ya rubuta ɓangarorin biyu, in ya ga aibi ya gyara a mako guda. Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya yi rubutu a 2016 yana cewa tsarin da kowa ke da hannu a ciki yakan daskare, domin ba a canza komai sai kowa ya yarda. Buɗaɗɗen tsari kuma yana da ɓarayinsa. A SIP mai kira ne ke rubuta lambar da za ta fito a fuskar wayarka, shi ya sa 'yan damfara ke sa rigar lambar da ba tasu ba, shi ya sa kuma wani lokaci kira daga waje ke shigowa da lambar gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni ina ganin asibiti da jami'a da ofishin 'yan sanda ba za su jingina rayuwar mutane kan manhajar da mai ita zai iya canza sharaɗi ko ya rufe ta gobe ba. Skype ya yi shekara ashirin da biyu yana tashe, a watan Mayun 2025 Microsoft ya rufe shi.

Akwai kuma wata guguwa da ke tafe. Mai lura zai ga cewa a wayoyi da yawa, da zarar ka danna kira sai alamar 4G ta koma 3G ko ƙasa da haka. Wayar ce ke komawa tsohon tsari don ta yi sallama. Kira kan 4G kansa da SIP yake tafiya, kuma sai saitin wayar ya dace da na kamfanin layi. Ostareliya ta ɗanɗana wannan lokacin da manyan kamfanoninta, Telstra da Optus, suka fara kashe 3G a ranar 28 ga Oktoban 2024. An tarar da wayoyin da ke hawa intanet lafiya, wasu ma suna kiran yau da kullum, amma ba sa iya kiran lambar gaggawa ta 000 sai ta 3G. Hukuma ta sa aka toshe irin waɗannan wayoyi gaba ɗaya. Yanzu a dubi kasuwar wayoyinmu, sabuwa da ta hannu, waɗanda aka ƙera don Sin da Dubai da Amurka da Ingila duk a teburi ɗaya. Duk ranar da aka fara zancen kashe tsoffin layuka a nan, tambayar farko da ya kamata NCC ta amsa ita ce wayoyi nawa ne za su iya kiran 112 washegari.

Abin da ke hannunmu tun yanzu shi ne yadda muke saye. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta fifita mafi rahusa cikin waɗanda suka cika sharaɗi, don haka komai ya rataya ne kan abin da aka rubuta a matsayin sharaɗi. In an rubuta "ta kasance tana bin SIP", kowane kwali zai ci. Ni da za a ji tawa, a rubuta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an jona sabuwar na'ura da waɗanda ke wurin, an yi kiran minti goma daga nan zuwa can da daga can zuwa nan, an ajiye kira an dawo masa, an tura shi ga wani, an danna 1 an ji, an gwada daga wajen ginin, an kuma ɗauke wuta an dawo da ita an ga komai ya tashi da kansa. Gwajin nan bai fi awa biyu ba. A ƙara da cewa kalmar sirrin shiga saitin na'ura mallakar mai saye ce. Na faɗi haka ne domin a asibitin nan sai da muka yi kwana huɗu muna bin wanda ya girka akwatin kafin ya ba mu ita, yana ta ce mana gobe.

Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar 'yan mintuna daga Hanwa, da tsangayar injiniyanta da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu. Me zai hana a ware mako guda a shekara a gayyaci dillalan Kano da Kaduna da Abuja, kowa ya zo da abin da yake sayarwa, a jojjona su a ɗaki ɗaya kamar yadda aka yi a Columbia a 1999? Kayan aikin ba su da tsada. Wireshark kyauta ce, haka ma Asterisk, manhajar rarraba kira da Mark Spencer ya fara a 1999, wadda tsohuwar kwamfuta ma ke ɗauka. Ɗalibin da ya ga saƙon 200 yana maimaita kansa a gaban idonsa ya fi wanda ya haddace shafi 269 sanin SIP. Asibitoci da makarantun yankin kuma za su sami inda za su tambaya kafin su fitar da kuɗi.

Gyaran namu dai bai ɗauki minti goma ba. Akwai wani saiti a akwatin da ke cewa ya mayar da amsa inda saƙo ya fito, kada ya bi adireshin da aka rubuta a ciki. Na kunna shi don layin gidan likita. Muka kira, agogo ya wuce 32, ya wuce minti ɗaya, ya kai biyar. Ma'aikaciyar jinyar nan ce ke riƙe da kan wayar, sai na ji ta ce, "Likita, ina wuni, yaya iyali?" Ta ajiye tana dariya, ta ce shekara guda ke nan ba ta gaishe shi ta wannan waya ba.

Makon jiya likita mai asibitin ya kira ni. Yana gina sashen haihuwa a bayan asibitin, yana son wayoyi shida, kuma wani dillali na uku ya kawo masa farashin da ya fi na sauran sauƙi. Na ce ya sa shi ya kawo guda ɗaya mu jona mu gwada kafin a biya. Dillalin ya ce kayan suna Legas, ba za a ɗauko ba sai an tura kuɗi, amma kada likita ya damu, an rubuta SIP a jikin kwalin.